Shatin Ruwa a Ƙarƙashin Fenti: Jarin Sabon Dillalin Gidaje a Galtimari

Wanda ya zaga unguwannin Galtimari da Fori na Maiduguri a ƙarshen 2024 ya ga shatin ruwa a jikin bangaye, daidai inda ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta tsaya kafin ta janye. Daren 9 wayewar garin 10 ga Satumba ne madatsar ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya afka wa Maiduguri, ya mamaye Gwange da fadar Shehu da Kasuwar Monday, har asibitin koyarwa na jami'a bai tsira ba. Tun daga nan masu gidaje da yawa sun yi yaɓe, sun shafa fenti, shatin ya ɓuya. Saurayin da ya ƙudiri shiga dillancin gidaje da filaye a wannan yanki, jarinsa na farko shi ne sanin inda shatin nan yake, gida bayan gida, da ƙarfin halin faɗa wa mai saye tun kafin ya ajiye kafin alƙalami. A ganina sana'ar gaba ɗaya a kan irin wannan sani take tsaye. Wanda ya shige ta da waya da zaƙin baki kawai, zai ci kasuwa ɗaya ko biyu, daga nan unguwa ta gane shi.

Ba abin mamaki ba ne sana'ar ta ja hankalin matasa. Ba ta buƙatar shago ko kaya, kuma Maiduguri gari ne mai yunwar muhalli. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya yi ta koro mutane cikin birni, musamman a 2014 da Bama da Gwoza suka faɗa hannun 'yan Boko Haram. Ƙungiyoyin agaji suka zo da ma'aikatansu suka kama manyan gidaje, kuɗin haya ya tashi. Da gwamnatin jiha ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin birni a 2021, wasu sun koma garuruwansu, wasu kuma suka bazu cikin unguwanni neman ɗakin haya. Ga jami'ar Maiduguri a kan titin Bama tun 1975, kowace shekara da sababbin ɗalibai masu neman wurin sa haƙarƙari. La'adar da aka fi ji a baki ita ce kashi 10 cikin 100 a haya, kashi 5 a sayarwa. Sai dai ƙofar da ba ta da ƙyaure kowa na shiga. Shi ya sa za ka tarar da gida ɗaya a bakin dillalai biyar, kowa ya ɗora nasa a kan farashi, alhali huɗu daga cikinsu ba su taɓa ganin mai gidan ido da ido ba.

Dillanci kuwa a wurin Bahaushe tun asali ba haka yake ba. Masanin nan Abner Cohen, da ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu tsakanin fataken Arewa da mahautan Yarbawa ke tafiya bisa bashi, kuma abin da ya riƙe shi shi ne mai gida da dillalansa, waɗanda suka san kowane mahauci, suka san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, har mai gida ya tsaya a matsayin lamuni. La'adar da suke karɓa ladan wannan sani ne da wannan tsayawa. Idan haka ake yi wa saniya, wadda kwana kaɗan an yanka ta an wuce wurin, ina ga fili, wanda mutum zai zuba tarin shekarunsa a kai, 'ya'yansa su gada?

Sanin fili yana farawa ne daga takarda, kuma a nan sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99 idan wurin zama ne, kuma sashe na 22 na dokar ya ce ba a mayar da wannan izini ga wani sai da amincewar gwamna. A Maiduguri filaye da yawa suna sauya hannu ne da takardar ciniki mai sa hannun bulama da lawan da shaidu. Wannan takarda tana da daraja, domin bulama ya san wanda ya noma wurin tun yana gona, amma ba ta hana a ce filin ya faɗa cikin wurin da gwamnati ta ware wa hanya ko makaranta, kuma ba ta hana wani ya fito da irinta mai kwanan watan da ya riga naka. Gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum, bayan hawansa mulki a 2019, ta kafa hukumar BOGIS mai kula da taswira da rajistar filaye, kuma can ne ake bincika ko fili na da fayil, da sunan wa, ko akwai wata matsala a kansa. Dillalin da bai san ƙofar wannan ofis ba bai fara sana'a ba tukuna. Sannan ga gado, wanda ya fi komai haddasa shari'a. Babban ɗa zai zo da takardu cif-cif ya ce shi ne wakilin gida, a yi ciniki, a sallama, bayan shekara biyu wata 'yar uwa da ke aure a Damaturu ko Kano ta shigar da ƙara cewa ba da saninta ba. Tambayar ko an raba gadon, wa ya raba, ina sauran magada, ba ta cin ko sisi, amma kunya kan hana yaro ya yi wa dattijo ita.

Za a ce wannan duk zance ne na wanda ya ƙoshi. Dillali da ciniki yake ci, in ya tsaya ya ce, "Alhaji, ruwa ya kai taga a gidan nan," Alhaji zai juya, wani dillalin ya kai shi gidan da ke maƙwabtaka ya rantse masa cewa ko ɗigo bai shiga ba. Gaskiya ne, ana asarar ciniki ta haka, kuma ba zan ce asarar ƙarama ce ga wanda bai karya ba. Amma a duba yadda abin yake a ƙasa. Mai saye zai tare a gidan, cikin mako guda maƙwabta a masallaci su ba shi labarin ambaliyar 2024, tsofaffi su ƙara masa da ta 1994. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko'ina, a cinikin gida kuwa ya fi ƙurewa, domin hajar ba ta motsi, shaidu kuma suna kewaye da ita. Bayan haka, faɗin aibi sau da yawa farashi yake gyarawa, cinikin ya ci gaba. Akwai mai son gidan da ruwa ya taɓa idan an rage masa abin da zai ɗaga daɓe ya gyara magudana. Malaman fiƙihu ma sun ba mai saye damar mayar da haja idan aka ɓoye masa aibinta, sun kuma haramta taya kaya da nufin zuga farashi kawai, abin da wasu 'yan kan-ta-waye suka mayar sana'a.

Wasu kuma za su ce binciken takarda aikin lauya ne da ƙwararrun masu kimanta kadara, waɗanda suka yi karatun abin kuma suke da hukumar yi musu rajista tun 1975. Haka ne, kuma dillali mai hankali ba ya rubuta yarjejeniyar sayar da gida da kansa, ba ya kuma kiran kansa abin da ba shi ba. Sai dai lauya yana zuwa ne bayan an daidaita, a lokacin da mai saye ya riga ya ƙwallafa rai, wani lokaci har kuɗi ya fita. Dillali ne ke tsaye a farkon hanya, shi ne zai iya cewa kada ma a je ganin wancan filin. Ita ma doka ba ta ɗauke shi ɗan kallo ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu harkar gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, ta kuma hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Buhun kuɗi a bayan mota, wanda wasu ke ɗauka alamar babban ciniki ce, yana iya zama sanadin kwana a bayan kanta.

Irin wannan sani ba ya samuwa a gari gaba ɗaya lokaci guda, shi ya sa nake ganin sabon dillali ya taƙaita kansa a unguwa ɗaya, ya fara da haya, a ƙarƙashin wani tsohon hannu. Kuskure a haya shekara guda ne a gyara, kuskure a sayarwa yana iya kai mutum kotu shekara goma. Ta haya ce zai san wane mai gida ne ke ƙarin kuɗi ba sanarwa, wane layi ne taransifomarsa ta daɗe a lalace, ina ne sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa, wane lungu ne mota ba ta shiga a watan Agusta. WhatsApp da Facebook suna kawo masu tambaya, musamman 'yan Borno mazauna Abuja da Legas da ke son mallakar wani abu a gida, kuma su ne suka fi kowa buƙatar wanda zai duba musu da idon gaskiya, tunda hoto ba ya nuna kwari. Ya tanadi littafi, kowane gida da shafinsa: sunan mai shi, irin takardarsa, wanda ya sayar masa, bulaman da ya shaida, da tsayin da ruwa ya kai a bangonsa ranar 10 ga Satumba. A Galtimari, damina ce lokacin cika wannan littafi, washegarin ruwa mai ƙarfi, a ƙafa, kafin rana ta busar da layuka.