Batirin mota da lokacin ɗari

A watan Disamba da na Janairu, iskar hunturu tana busowa daga hamada. Da asuba sanyi yana da yawa. A tashar Maradi ko ta Damagaram, sau da yawa za ku ga mutane suna tura mota. Direba ya murza makulli, amma inji ya ƙi tashi. Sai a ce: batir ya mutu. Mine ne dalili?

Batir akwati ne mai ɗaki shida. Kowane ɗaki yana ba da wuta wajen bolt 2, duka su zama bolt 12. A cikin ɗakunan akwai faifayen darma da ke jiƙe cikin ruwa mai asid. Darma da asid su ne ke haɗuwa su ba da wuta. Wani mutumin Faransa mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekara ta 1859.

Batir ne ke juya injin har ya tashi. Idan inji ya tashi, wata na'ura da ake kira alternater ita ke mayar wa batir da wutar da ya kashe.

Sanyi yana kawo wahala biyu. Na farko, aikin darma da asid yana yin sanyi, sai wuta ta ragu. Na biyu, man inji yana yin kauri, sai juya injin ya yi nauyi. Manyan motoci masu shan gazuwal sun fi shan wannan wahala.

Amma ku lura: ba sanyi ne ke ɓata batir ba. A ƙasarmu zafi ne babban abokin gabarsa. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Yamai. Ruwan batir yana ƙafewa, faifayen darma suna lalacewa. Batir ya raunana ba a sani ba. Idan ɗari ya zo, sai rauninsa ya bayyana.

Ga abin da direba nagari yake yi:

1. Yana duba ruwan batir, in batirin mai marfi ne. In ya ragu, sai ya ƙara tataccen ruwa. Ba ya zuba ruwan rijiya, domin akwai gishiri a cikinsa.
2. Yana goge farin garin da ke taruwa a kan kawunan batir, ya ɗaure wayoyi da kyau, ya shafa giris.
3. Yana kashe fitilu da rediyo kafin ya bar mota.
4. Ba ya barin mota ta daɗe a ajiye. Gajerar tafiya ba ta cika batir. Doguwar tafiya ita ke cika shi.
5. Kafin ɗari, yana kai batir wurin bakanike a auna. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12,6.

Yara, ku yi hankali! Asid yana ƙona fata da tufafi, yana makantar da ido. Darma guba ce. Kada ku fasa tsohon batir, kada kuma ku kunna ashana kusa da batir da ake cikawa, domin yana iya fashewa.

Tambayoyi

1. Ɗaki nawa ne a cikin batirin mota?
2. Don mi inji ke wuyar tashi da asubar hunturu?
3. Tsakanin zafi da sanyi, wanne ya fi ɓata batir?