Yadda Ake Sabar Wa Kwikwiyo Da Zaman Keji A Gida

Duk mai zirga-zirga tsakanin kasuwannin Kwanni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ya san cewa ƴan kasuwa da dama na ajiye kare don gadin sito da gida. Sai dai mun lura akasari ana sayo kwikwiyo ne a ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya, ya wuni yana kuka. Bayan ƴan watanni sai a ce kare ya lalace: ko ya zama matsoraci, ko kuma ya ciji ɗan maƙwabci, maigida ya kwana yana ba da haƙuri.

Wani mai sayar da atamfa ya taɓa kawo mana kukansa a gidan rediyo, cewa kwikwiyon da ya sayo ya yayyaga masa buhuna, yana kashi ko'ina a tsakar gida, har uwargida ta ce ko ita ko karen. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu wata dabara da masu kiwon kare a Amurka da Ingila suka daɗe suna amfani da ita, wato sabar wa kwikwiyo da keji.

Asalin dabarar shi ne, kare ba ya son ɓata makwancinsa. In ya ɗauki keji a matsayin ɗakinsa, zai riƙe fitsari har a fitar da shi. Don haka girman kejin na da muhimmanci. A gaya wa mai walda ko kafinta ya yi shi daidai yadda kare zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. In ya cika faɗi, sai ya kwanta a gefe guda ya yi kashi a ɗaya gefen. A ajiye shi a inuwa mai iska, inda yake hangen mutanen gida, a shimfiɗa masa tsohon buhu, a sa ruwa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, saboda haka keji a rana lokacin bazara na iya kashe shi.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako 8. Da ya iso gida, a bar ƙofar keji a buɗe, a ajiye kaskon abincinsa a bakin ƙofa, gobe a tura shi ciki kaɗan, jibi a ƙara, har ya riƙa shiga da kansa. Daga nan a riƙa rufewa yayin da yake ci, a buɗe da ya gama. Sai a ƙara minti biyar, goma, har rabin awa. Duk sanda ya farka daga barci ko ya gama ci, a kai shi wuri guda da aka ware masa don bawali. In ya yi kuka da dare a fitar da shi ya kama, a mayar ba tare da wasa ba. A cire masa abin wuya kafin a rufe, don kada ya sarƙe da ƙarfe.

Inda ƴan kasuwa za su yi hattara shi ne ranar kasuwa. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, bai kamata ya wuce awa 3 zuwa 4 a rufe ba. Wanda zai fita tun asuba sai magariba, tilas ya wakilta wani babba a gida da zai riƙa fitar da shi. Kuma kada a taɓa jefa shi ciki don horo bayan ya yi ɓarna, domin daga ranar zai tsani wurin. A ƙasar Suwidin ma doka ta hana tsare kare a rufaffen keji cikin gida, sai a wasu lalurori kamar tafiya, don gudun masu mayar da shi kurkuku.

Amfanin yana bayyana ne in kare ya girma. Da dare a sake shi cikin katanga ya yi gadi, in baƙi sun zo ko yara na wasa a ce ya shiga ɗakinsa, ya shiga ba gardama. Malamai da dama sun halatta ajiye kare don gadi, kuma keji na taimakawa wajen nisanta shi da kwanuka, da randa, da wurin salla.

Keji dai ba ya maye gurbin allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da kwikwiyo ya kai wata 3 a kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa rigakafi. In kuwa cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti nan take.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya tsare mana iyali da dukiya.