Yadda ake tafiya a motar bas daga Rum zuwa Napoli

Tsakanin Rum, babban birnin Italiya, da Napoli akwai tazarar kimanin kilomita 225 ta babbar hanyar A1. Motocin kamfanoni irin su FlixBus da Itabus kan tashi daga tashar Tiburtina a Rum, su sauke fasinjoji daura da babbar tashar jirgin ƙasa ta Napoli cikin sa'a biyu da rabi zuwa uku.

Jirgin ƙasa mai tsananin gudu kan kai cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna, amma galibi ya fi tsada, shi ya sa masu neman sauƙi ke bin bas. Akasari ana yankar tikiti ta intanet, kuma kuɗinsa kan ƙaru yayin da kujeru ke cika. Wanda ya makara, rangwamen kan wuce shi.