Darasin Noma a Firamare: A Fita da Yara Lambu

A makarantun firamare da yawa na arewacin Najeriya, a kan allo ake noma. Malam zai zana tsiro, ya nuna saiwa da kara da ganye, yara su kwafa su haddace saboda jarrabawa. Manhajar da hukumar NERDC ta tsara ta sanya noma cikin darussan share fagen sana'a tun daga aji huɗu, amma rubuta darasi a takarda daban, sa hannun yaro cikin ƙasa daban. Alhali babu reshen kimiyya mai arhar koyarwa kamar na tsirrai. Gwangwanin madara, ƙasa, ruwa da 'yan ƙwayoyin wake sun isa a fara.

Wake ya dace da wannan aiki, tunda Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye da ita. A jera ƙwaya goma kan tsumma mai danshi, cikin kwana uku zuwa biyar za su tsage, farar saiwa ta leƙo. Idan takwas suka tsira, yaro ya fahimci kashi 80 cikin 100, ya kuma koyi gwada iri kafin shuka. A shuka waken a gwangwani, a sa ɗaya a rana, ɗaya cikin kwali mai duhu. Bayan mako guda na cikin duhun zai zanƙale siriri, ba kore ba ƙarfi, aikin haske ya bayyana ba sai an yi dogon bayani ba. Bayan wata guda a tumɓuko wani tushe a wanke, za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, in an fasa cikinsu jaja-jaja. Nan ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna janyo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne dai wanda manomi ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Daga nan yaro zai gane hikimar kakanninsa ta haɗa gero da wake a gona ɗaya.

Wasu za su ce ɗan manomi ba ya buƙatar makaranta ta koya masa riƙe fartanya. Gaskiya ne, amma gida na koyar da yadda ake yi, makaranta kuwa dalili za ta ƙara. Kowane yaron karkara ya san wuta-wuta na kashe dawa. Kaɗan ne suka san tana maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta tun kafin ta ɓullo sama, kuma irinta kan yi fiye da shekara goma a ƙasa yana jira. Wanda ya tona ya gani da idonsa ba zai bari ta yi fure a gonar gidansu ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na iyayen da ke tsoron a mayar da 'ya'yansu 'yan ƙwadagon malamai, ko noma ya zama horon masu latti. Tsoron yana da tushe, kuma maganinsa shi ne a bambance manufa. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya ƙarfafa noma a makarantu, amma yawan abinci ya sa a gaba. Lambun koyarwa kuwa ƙarami ne: kowace ƙungiyar yara da kunyarta da littafin rubuta abin da ta gani, amfanin kuma nasu ne.

Saura batun fili da ruwa, da dogon hutun da ke faɗowa tsakiyar damina. Tsohon buhun siminti cike da ƙasa da takin gida na ɗaukar alayyafo, wanda ake yanka cikin kusan wata guda, zangon karatu bai ƙare ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin da aka horar ya yi tambaya ya bar yara su gano amsa, kuma a nan ya kamata kwalejojin ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) su fara sa kuɗinsu.