Yadda Ake Toshe Ƙaramar Ɓula a Lagireton Mota

Hajj Abdalla gari ne a jihar Jazira ta ƙasar Sudan, kudu da Wad Madani, a kan hanyar zuwa Sinnar. Yana kusa da reshen kogin Nilu da ake kira Shuɗin Nilu. Akwai Hausawa da yawa a ƙauyukan wannan yanki. Kakannin waɗansu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka. Waɗansu kuma sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai da yawa suka shiga aikin gona.

Manomi a nan ba ya rabuwa da mota, domin ita ce ke kai dawa da gyaɗa da albasa kasuwa. To, ƙasar tana da zafi ƙwarai. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Saboda haka idan lagireto ya fara yoyo a hanya, direba yana iya asarar injinsa, kayan mutane kuma su lalace a rana. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya ƙara tsananta abin, don ya sa kayan gyara sun yi wuya, sun kuma yi tsada.

Mene ne aikin lagireto?

Inji yana ƙona mai, ƙonawar kuwa tana haifar da zafi. Ruwa ne ke zagaya cikin injin yana kwashe zafin, sa'an nan ya bi ta tiyo ya shiga lagireto. A nan ruwan yakan ratsa ta siraran bututu masu yawa, iska da fanka su sanyaya shi, famfo ya sake tura shi cikin inji. Murfin lagireto ma yana da nasa aiki. Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma idan murfin ya matse shi, ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Wato ƙaramar ɓula tana yin ɓarna iri biyu: tana zubar da ruwa, tana kuma sassauta matsin, sai ruwan ya tafasa da wuri.

A Jazira akwai abubuwa biyu da ke yawan jawo yoyo. Na farko, girgizar hanyoyin gona, wadda ke tsattsage mahaɗin bututu. Na biyu, ruwan magudanar gona da direbobi kan ɗiba su zuba. Ruwan nan yana ɗauke da laka, musamman da damina. Lakar tana toshe bututu, ruwan zalla kuma yana kawo tsatsa.

Gano wurin

Da allurar zafi ta hau, sai direba ya tsaya, ya kashe mota. Kada ya buɗe murfi nan take, domin tururi da tafasasshen ruwa za su yi tsalle su ƙone masa fuska da hannu. Ya jira kamar rabin sa'a. Idan injin ya huce, ya sa tsumma ya buɗe murfin a hankali, ya cika ruwa, ya rufe, ya tayar da mota, ya duba inda ruwa ke fitowa. Ya yi hattara da fanka. Sau da yawa laifin ba na lagireto ba ne, na tiyo ne ko na zoben ƙarfen da ke matse bakinsa. In haka ne, ɗaure zoben kawai ya isa.

Gyaran hanya

In ɓular tana jikin bututu ɗaya ne, ana iya matse bututun da filaya a sama da ƙasan ɓular, ruwa ya daina bi ta nan. Rashin bututu ɗaya ko biyu ba zai hana lagireto aiki ba. Wata dabara ita ce gam mai haɗi biyu. Sai a tsiyaye ruwan har ya sauka ƙasa da ɓular, a kankare wurin ya yi fes, a bar shi ya bushe, a kwaɓa gam ɗin a shafa, a jira ya sandare. Idan wurin yana da danshi ko maiƙo, gam ba zai kama ba.

Waɗansu direbobi sukan cusa sabulu a ɓular, ko su zuba garin barkono ko farin ƙwai a cikin ruwan. Wannan yana iya kai mutum gari mafi kusa, amma abin da ya toshe ɓula yana iya toshe bututu mai lafiya. Don haka da an isa, a wanke lagireton.

Gyaran bakanike

Gyara mai ɗorewa ya danganta da irin lagireton. Tsofaffin manyan motoci, irin su Bedford da mutanen Sudan ke kira Sifinja, lagiretonsu na tagulla ne. Bakanike zai ciro shi, ya toshe bakunansa, ya hura masa iska, ya tsoma shi a ruwa. Inda kumfa ya taso, nan ɓular take. Sai ya goge wurin, ya narka dalma ya liƙe. Amma yawancin motocin zamani lagiretonsu na alminiyam ne, tankunansa kuma na roba. Dalmar da aka saba da ita ba ta kama su, kuma idan robar ta tsage sosai, sauyawa ita ce mafita.

Bayan gyara, a zuba ruwa mai tsabta haɗe da maganin hana tsatsa, a riƙa duba shi kowace safiya kafin a tayar da mota. Wanda ya yi sakaci da ɗigon ruwa, wata rana injin zai yi zafi har kansa ya lanƙwashe, kuɗin gyara ya ninka sau da yawa. Rigakafi dai ya fi magani.

Ɗalibi ya lura da kalmomi uku da suka zo a sama. Muna cewa lagireto yana yoyo, wato abin da ke riƙe da ruwa shi ke yoyo. Ruwa kuwa ɗiga yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Idan mutum ne ya fitar da ruwan da gangan, sai mu ce ya tsiyaye shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa?
2. Wace illa ruwan magudanar gona ke yi wa lagireto?
3. Yaya bakanike ke gano wurin ɓula?