Hular da ke raba ɗalibai a labarin Harry Potter: mene ne aikinta?

A littafin farko na Harry Potter, wanda marubuciya ƴar Birtaniya J.K. Rowling ta fitar a 1997, akwai wata tsohuwar hula mai faci-faci da ke magana. Yaran da suka karanta fassarar Faransanci ta kamfanin Gallimard, wadda ta fito a 1998, sun san ta da sunan Choixpeau. Mai fassarar, Jean-François Ménard, ya haɗa kalmomi biyu ne, choix da chapeau, wato zaɓi da hula.

Aikinta shi ne rarraba sababbin ɗalibai a makarantar matsafa ta Poudlard. Yaro mai shekara 11 zai zauna kan kujera a gaban jama'a, a ɗora masa hular, ta leƙa zuciyarsa, sannan ta ɗaga murya ta faɗi gidansa. Gidajen huɗu ne: Gryffondor na jarumai, Serdaigle na masu kaifin basira, Poufsouffle na masu amana da haƙurin aiki, sai Serpentard na masu buri da wayo. A gidan da aka ba shi yaro zai kwana, ya ci abinci, ya yi abokai har shekara 7. A cewar labarin, hular ta Godric Gryffondor ce, ɗaya daga cikin mutane huɗu da suka kafa makarantar, kuma su ne suka zuba mata hankalinsu don ta ci gaba da zaɓen bayan ransu.

Marubuciyar ta yi amfani da hular wajen tayar da tambaya mai nauyi: shin halin yaro ya gama kafuwa tun yana ƙarami? Da aka ɗora wa Harry ita, ta ga zai yi fice a Serpentard, gidan da Voldemort, wanda ya kashe iyayensa, ya yi karatu. Harry ya roƙe ta a zuci kada ta kai shi can, ita kuma ta saurare shi. A littafi na biyu abin ya riƙa damunsa, har shugaban makarantar, Dumbledore, ya fahimtar da shi cewa roƙon nan da ya yi shi ne ya bambanta shi da maƙiyinsa.

Hukuncin hular kuma ba ya tabbatar da yadda mutum zai kasance. Peter Pettigrow ɗan gidan jarumai ne, amma tsoro ya sa ya ci amanar iyayen Harry. Neville kuwa, yaron da ake yi wa dariya saboda mantuwa da fargaba, shi ne ya zaro takobin Gryffondor daga cikin hular a littafi na bakwai, ya sare macijin Voldemort. Ita kanta hular, a littafi na biyar, ta gargaɗi ɗalibai cewa rabuwar gidaje na iya raunana makarantar.

Iyaye da malaman lakwal da ke saurin cewa wannan yaro daƙiƙi ne, wancan kuma matsoraci, suna da abin dubawa a nan. Hular da ke ganin zuciya ma sai da ta ji ta bakin yaro kafin ta yanke.