Guzurin tafiya waje: Daga Wuse Zone 4 zuwa katin banki

A da, ma'aikacin da aka tura aiki ƙasar waje kan biya ta Wuse Zone 4, matattarar 'yan canjin Abuja, ya cika aljihu da daloli. A Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna ba da guzurin PTA da BTA a hannu, sai ta kati da makamantansa. A Maris kuma ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173.

Duk da haka tsabar kuɗi na da ranarta, musamman idan kati ya ƙi aiki a baƙuwar ƙasa. Sai dai hadimin da ke riƙe da jakar maigida ya sani: abin da ya haura dala 10,000, wajibi ne a bayyana shi ga jami'an Kwastam a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Ɓoyewa na iya jawo ƙwace kuɗin da gurfana gaban kotu.